Ingila, Maleshiya Ko Maraɗi: Ina Ɗan Gobir Zai Ƙaro Ilmi?



Duk wanda ya taɓa zama a ɗakunan kwanan 'yan ajin ƙarshe ya san cewa da zarar jarrabawa ta gabato, hira kan koma kan abu guda, wato ina za a nufa bayan an ƙare yi wa ƙasa hidima. Wannan ya ce shi sai Ingila, wancan ya ce Kanada, wani kuma ya ce ai shi ko Maleshiya ce ya samu ya gode wa Allah. Sau da yawa nakan yi shiru ina saurare, kuma abin da kan ba ni mamaki shi ne, za a kwashe sa'a biyu ana ambaton sunayen ƙasashe da kuɗin jirgi da yadda ake samun biza, amma da wuya ka ji wani ya faɗi abin da zai je ya karanto, balle ya faɗi wanda karatun zai amfana. An zaɓi ƙasa tukuna, sa'an nan a nemo fannin da za a fake da shi.

Ni mutumin ƙasar Gobir ne, daga yankin nan na Sabon Birni da Isa da ke kan iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, kuma da idon mutumin can nake duban wannan al'amari. Ra'ayina a taƙaice shi ne: wanda zai tafi ƙetare neman digiri na biyu ko na uku, matsalar gidansu ya kamata ta zaɓa masa ƙasar da zai je, ba sunan ƙasar da daɗinsa a baki ba. Idan aka bi wannan ma'auni, za a tarar cewa jerin ƙasashen da muke rububi ya sha bamban da jerin waɗanda muke bukata.

Tafiya Neman Ilmi Gadonmu Ce

Kada wani ya zaci ina hana tafiya ne. Yaya za a yi Bagobiri ya hana tafiya neman ilmi, alhali ƙasarsa ce ta haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754? Tarihi ya nuna cewa Shehu ya bi malaminsa, Malam Jibrila ɗan Umaru, har Agadas ya zauna yana ɗaukar karatu. Shi kuma Malam Jibrila ya je aikin Hajji, ya biya ta Alƙahira inda ya sadu da babban malamin nan Murtala Zabidi, ya karɓi ijaza daga gare shi. Abin lura a nan shi ne, Shehu bai je Agadas don birnin ya fi Ɗagel gine-gine ba; ya je ne don akwai mutumin da ke da abin da yake nema. A al'adar almajirancinmu malami ake bi, ba gari ba. In aka ce wane ya tafi Gabas ko ya tafi Zariya, akan san littafin da ya je saukewa da malamin da zai sauke masa.

Haka abin ya ci gaba har bayan zuwan Turawa. A 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Jami'ar Landan ya koyo dabarun koyarwa, a 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahu. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta tura wasu matasan malamai Bahatar Ruda a ƙasar Sudan, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi da Malam Shehu Galadanci, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975. Waɗannan bayin Allah sun tafi ne saboda akwai gurbin da babu mai cike shi a gida: ana bukatar malaman makaranta da alƙalai da masu tsara manhaja. Sun tafi da aiki yana jiransu, sun kuwa dawo sun kama shi.

Akwai ma wani misali da ya kamata ya sa mu tsaya mu yi tunani. A farkon shekarun 1960 wani matashin Bature, Murray Last, ya baro ƙasarsu ya shiga Jami'ar Ibadan, ya zo Sakkwato ya durƙusa gaban Waziri Junaidu yana nazarin littattafan Daular Usmaniyya, kuma da wannan aiki ya sami digirinsa na uku a 1964. Shi ya gane cewa ilmin da yake nema yana Sakkwato, sai ya zo Sakkwato. Mu fa, mun san inda namu yake?

Inda Ake Tururuwa

Bari mu dubi ƙasashen da suka fi jan hankalin ɗalibanmu ɗaya bayan ɗaya.

Ingila ce kan gaba, kuma dalilan a fili suke. Harshen koyarwa shi ne wanda muka saba da shi, digiri na biyu a shekara ɗaya ake gama shi, sa'an nan a 2021 gwamnatin Birtaniya ta fito da izinin zama na shekara biyu bayan kammala karatu domin neman aiki. Wannan ya sa a shekarar karatu ta 2022/2023 yawan ɗaliban Nijeriya a jami'o'in Birtaniya ya haura 70,000. To, amma daga Janairun 2024 aka hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyalansu, a 2025 kuma gwamnatin ta ba da sanarwar rage wancan izinin zama zuwa wata 18. Nan take tururuwar ta ja baya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa da yawa daga cikin masu tafiya ba ɗakin karatu suka hango ba, ƙofar shiga ƙasa suka hango.

Amurka na biye. A 2023/2024 ɗaliban Nijeriya da ke can sun ɗan haura 20,000, kuma babu wata ƙasar Afirka da ta kai mu yawa. Amfanin Amurka ga mai neman digiri na uku shi ne, jami'o'inta da dama kan yafe wa ɗalibi kuɗin makaranta su kuma ba shi ɗan alawus idan zai taya malamai koyarwa ko bincike. Sai dai karatun kan ɗauki shekara biyar ko fiye, kuma sha'anin biza ya tsananta, domin a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya cikin wata uku. Kanada ma, wadda aka daɗe ana yi wa kallon mai sauƙin zama, a Janairun 2024 ta ƙayyade yawan ɗaliban ƙetare da za ta karɓa, ta kuma ninka kuɗin guzurin da ake so ɗalibi ya nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. Jamus kuwa yawancin jami'o'in gwamnatinta ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma a 2024 sai ɗalibi ya kulle yuro 11,904 a banki na guzurin shekara ɗaya kafin a ba shi biza, ga kuma wahalar koyon Jamusanci ga wanda ke son cuɗanya da mutane.

Mu 'yan Arewa muna da wasu hanyoyin da suka fi zama namu. Maleshiya ta zama kamar gida ga malaman jami'o'inmu da kwalejojinmu, musamman bayan da aka kafa asusun TETFund a 2011 ya shiga ɗaukar nauyin malamai. Da wuya ka shiga wani sashe a jami'o'in Arewa ba ka tarar da wanda ya yi karatu a Jami'ar Putra ko Jami'ar Utara ko Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke can ba. Kuɗin da sauƙi, abinci halal ne, masallaci na kusa, maigida kan iya tafiya da iyalinsa hankali kwance. Indiya ta shahara tun lokacin da gwamnatin Kano ta Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 yin digiri na biyu a ƙasashe daban-daban a 2012, kuma a 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da gurabe 1,001, akasari zuwa Indiya da Yuganda. Ga masu ilmin addini da Larabci kuma akwai Jami'ar Azhar ta Masar, da Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, da Jami'ar Afirka da ke Hartum.

Waɗannan hanyoyi ma ba su tsira daga girgiza ba. Yaƙin da ya ɓarke a Yukren a Fabrairun 2022 da wanda ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 sun tarwatsa karatun dubban ɗalibanmu, har wasu suka kwashe kwanaki a hamada bakin iyakar Masar suna jiran a kwaso su. A ƙarshen 2024 TETFund ya ba da sanarwar dakatar da tura malamai ƙetare daga farkon 2025, saboda tsada da kuma yawan masu ƙin dawowa. Tun a 2023 shugaban asusun, Sonny Echono, ya shaida wa Majalisar Wakilai cewa mutum 137 da aka ɗauki nauyinsu sun maƙale a can. A 2025 kuma Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya dakatar da tsohon shirin nan na musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Sin da Maroko da Hangare. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Mu Yi Lissafi

Yanzu bari mu ɗauki alƙalami. A ce ɗalibi ya sami gurbi a wata matsakaiciyar jami'a a Ingila, kuɗin makaranta fam 15,000. Hukuma za ta so ya nuna fiye da fam 1,000 na kowane wata har wata tara, wato kusan fam 10,000. Jimla fam 25,000 ke nan, ba a sa kuɗin jirgi da biza da inshorar lafiya ba. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Da aka saki naira, a farkon 2024 ta haura 1,500, fam kuma ya kai wajen naira 2,000. A wannan farashi, fam 25,000 ya kama naira miliyan 50. Ƙaramin ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sai ya yi kusan shekara 60 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara wannan kuɗi. Faɗuwar nairar nan ce ta sa a Mayun 2024 aka ji labarin wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da suka kasa cika kuɗin makaranta har aka umarce su da su bar ƙasar.

A wajenmu, irin wannan kuɗi ba daga banki yake fitowa ba. Daga fadama yake fitowa, da garke, da gidan gado. Na san wani gida a yankinmu da aka sayar da fadamar da ta ciyar da su tun zamanin kakanni, aka haɗa da 'yan shanun da suka rage, aka tura ɗa guda ya yi digiri na biyu a fannin sarrafa kasuwanci. Ya gama lafiya, yana can yana aikin kula da tsofaffi, yana turo abin da ya samu, kuma ban zarge shi ba, domin halal yake nema. Amma fadamar ta tafi, ƙannensa uku sun tsaya a sakandare, takardar da aka saya da gonar kuwa ba ta aiki a can, ba ta aiki a nan. Wata rana na ji kawuna yana cewa, da yaron nan maganin wuta-wuta ya je ya koyo, da ko bai turo ko anini ba ya biya bashin fadamar. Wannan magana ta tsoho ita ce ta haifi wannan rubutu.

Akwai kuma haɗarin takardar banza. A 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu Arewacin Saifurus. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Binin da Togo, bayan da ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida. Son a ce wane ya yi karatu a waje shi ke jefa mutane hannun dillalai.

Me Gobir Ke Bukata?

Mu koma gida mu duba. Ƙasarmu ƙasar gero ce da dawa da wake, da albasa da alkama da shinkafa a fadamun Bunsuru da Gagare da Rima. Damina gajera ce, ƙasa ta gaji, hamada na matsowa. Albasa na ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. An gama madatsar ruwa ta Goronyo tun 1984, amma har a 2010 ambaliya ta share garuruwa da gonaki a kwarin Rima, alhali da rani manomi na neman ruwan ban-ruwa. Sanƙarau da kwalara da zazzaɓin cizon sauro ba su daina ziyartarmu ba, mata na rasa rayukansu wajen haihuwa saboda ƙarancin likitoci, musamman likitoci mata. Bisa duk wannan ga bala'in 'yan bindiga: kisan mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a Mayun 2020, ƙona matafiya cikin mota a Disambar 2021, kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Agustan 2024 bayan an yi garkuwa da shi, da dubban 'yan'uwanmu da suka tsallaka Jihar Maraɗi gudun hijira.

To, ina ake koyar da maganin waɗannan? Idan ilmin gero da dawa kake nema, hedkwatar cibiyar ICRISAT tana kusa da Haidarabad a Indiya tun 1972, babban reshenta na yankin Sahel kuma yana Sadore kusa da Yamai. Irin geron nan Sosat da manomanmu suka sani, da hannun wannan cibiya aka samar da shi. Idan ilmin ruwa da madatsai ne, akwai cibiyar IHE da ke Delft da Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan, akwai kuma Masar da ta shekara dubbai tana noman rani. Idan hasashen damina da yanayi ne, cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974. Idan cututtukan ƙasashe masu zafi ne, to a nan kam Ingila ta cancanci a je ta, domin makarantun Libaful da Landan na wannan fanni sun haura shekara 120 suna aiki. Kun ga ashe ba Ingila nake ƙi ba. Tafiya Ingila ba da dalili ba nake ƙi.

Amma misalin da ya fi taɓa zuciyata yana nan bayan gidanmu. Daga Sabon Birni, Maraɗi ta fi birnin Sakkwato kusa. Mutanen Tsibiri Gobirawa ne 'yan'uwanmu. Gida ɗaya ne ya rabu bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, daga baya Turawa suka ja layi a tsakani. Gulbin Maraɗi ma a Rima yake zuba ruwansa. A wannan yanki ne, tun daga 1983, manoma tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo suka bunƙasa dabarar da ake kira sassaben zamani. Dabarar ba ta bukatar dashe ko ban-ruwa. Kututturan da ke cikin gona, waɗanda muke sarewa muna ƙonewa kowace shekara, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai manomi ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kiyaye su daga dabbobi da masu itace. Cikin 'yan shekaru sai ga itatuwa. Gawo kuwa, kamar yadda kowane ɗan ƙauye ya sani, da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Masana daga Turai da Amurka sun yi ta zuwa suna rubuta littattafai a kai, Rinaudo ya karɓi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Mu da ke da nisan tafiyar rabin yini, ɗalibai nawa muka tura su yi digiri a kan wannan? Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

A Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni, a Sayi akwai Jami'ar Musulunci. Na san akwai cikas. Da Faransanci ake koyarwa a yawancinsu, hanya ba ta da aminci, dangantakar ƙasashen biyu kuma ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023, har aka rufe iyaka zuwa Maris na 2024. Amma wanda ya yarda zai koyi Jamusanci ko Sinanci ko Turkanci don ya sami gurbi, me zai hana shi koyon Faransanci? Balle ma binciken da zai yi a gona da Hausa zai yi shi, harshen da Nijar ta ayyana a matsayin harshen ƙasa a 2025.

Kada kuma mu raina na cikin gida. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta faro tun 1922. Jami'ar Bayero na da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa wadda ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka ke zuwa. Tarihin Zamfara da Dakta Garba Nadama ya rubuta, da na Gobir da Dakta Abdullahi Rafi Augi ya rubuta, da na Katsina da Dakta Yusufu Bala Usman ya rubuta, duk a Jami'ar Ahmadu Bello aka yi su. Kuma binciken da ya fi yin tasiri kan asalin 'yan bindigar yankinmu, wanda Dakta Murtala Ahmed Rufa'i ya gabatar a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, da ƙafa aka yi shi a dazuzzukan Zamfara, ba a wani ɗakin karatu na Turai ba.

Ga Masu Ja Da Ni

Na san abin da abokaina za su ce, domin sun sha faɗa mini. Za su ce: kai wane, wane gida kake so mu dawo? Gidan da ba a iya zuwa gona sai an biya haraji ga ɗan bindiga? Jami'ar da ta rufe wata takwas a 2022 saboda yajin aiki, inda digiri na biyu na shekara biyu kan koma huɗu? Ma'aikatar da za ka dawo da ilmi a ajiye ka a teburin da babu ko takarda? Za su ƙara da cewa 'yan Nijeriya mazauna waje sun turo kusan dala biliyan 20 a 2023, kuma wannan kuɗi ya fi wa'azin kishin ƙasa amfani ga talaka.

Wallahi maganarsu akwai gaskiya a ciki, kuma ba ni da bakin da zan ce wa wanda aka kashe mahaifinsa a gona lalle ya dawo. Wanda ya tafi da kuɗin aljihunsa, shi da niyyarsa. Amma abu biyu nake so mu tuna. Na farko, kuɗin da ake turowa kan sayi buhun gero, ba ya sa gona ta ba da buhu biyu; yakan biya kuɗin asibiti, ba ya samar da likitan da zai duba mara lafiya a Isa. Na biyu, wanda aka tura da kuɗin jama'a, amana ya ɗauka. Kuɗin nan haƙƙin manomin Gatawa ne da mai tallan fura ta Kurawa, waɗanda 'ya'yansu ko firamare ba su gama ba. Wanda ya ci wannan kuɗi ya ƙi dawowa, ya sani bashi ne a wuyansa, ko da babu kotun da za ta tambaye shi.

Sa'an nan wannan fitina ba za ta dawwama ba, da yardar Allah. Ranar da ƙura ta lafa, za a bukaci masu sake shata burtali da makiyaya, masu farfaɗo da makarantun da aka rufe, masu jinyar zukatan yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba mu shirya waɗannan mutane yanzu ba, to za mu sake zura ido baƙi su zo su yi nazarinmu, su ba mu shawara da tafinta.

Shawara

Ga ɗan'uwana ɗalibi da 'yar'uwata ɗaliba, kafin ku cike kowace takarda ku amsa tambaya uku. Wace matsala nake so in warware? Wane malami ne, a wace jami'a, ya fi kowa saninta? Wa zai biya, kuma me za a rasa a gida idan aka biya? Idan amsar ta kai ku Landan, Allah ya kiyaye hanya. Idan ta kai ku Haidarabad ko Yamai ko Samaru, kada ku ji kunya. Ku nemi tallafin da ake samu ta hanyar gasa, irin su Commonwealth da Chevening da DAAD da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da na asusun PTDF, maimakon sayar da gonar gado. Ku kuma tabbata hukumomin ilmi na ƙasarmu sun amince da jami'ar kafin ku biya ko kwabo.

Ga ƙananan ma'aikata masu neman hutun ƙaro ilmi, ku zaɓi fannin da ofishinku ke kuka da rashinsa, ba wanda zai ƙara muku matakin albashi kawai ba.

Ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumominmu, a daina raba gurabe kamar goron biki. A fara rubuta fannonin da jiha ke bukata, a ware wa ƙananan hukumomin gabas kasonsu, a ba mata fifiko a fannin lafiya, a ɗaure kowa da yarjejeniyar dawowa, a kuma tanadi aikin da zai tarar. A tuna cewa yaron da ya yi sakandare a yankin da aka katse wa layukan waya a Satumbar 2021 ba zai yi gogayya da ɗan birni wajen cike takarda ta intanet ba, sai an kai masa labari har inda yake.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai kuwa, ina roƙon a riƙa gayyato malamanmu da suka yi karatu a waɗannan ƙasashe, ko sau ɗaya a zango, su faɗa mana zaƙi da ɗacin abin da suka gani, domin mu daina ɗaukar labari daga bakin dillalai.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma gaskiya suka faɗa. Amma mabuɗi ba ya da amfani sai an san ƙofar da za a buɗe da shi, ƙofarmu kuwa tana nan a Gobir a kulle tana jira. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.